Cinikin Luwiziyana: Wa Ya Sayar, Wa Ya Saya, Wa Ya Biya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Allah ya ƙara basira. Gardama ce ta kaure tsakanina da abokaina a majalisarmu ta bayan la'asar. Ɗaya daga cikinmu ya ce wai rabin ƙasar Amurka sayen ta aka yi daga hannun Faransa a kan dala miliyan 15 kacal, kuma wai shugabansu na lokacin, Thomas Jefferson, shi ya yi wa Napoleon wayo. Ni dai na kasa yarda. Ta yaya mutum kamar Napoleon, wanda ya hana Turai barci saboda neman ƙasa, zai ɗauki ƙasa sukutum ya sayar? Don Allah a warware mana.

Daga wani mai karatu a Damagaram.

AMSA

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, abokinka ya faɗi gaskiya a kan ciniki da farashi. An yi shi a shekarar 1803, kuma kuɗin dala miliyan 15 ne, wato faran miliyan 80 na Faransa. Gyara ɗaya zan yi masa a kan girma: abin da aka saya ya ninka Amurkar wancan lokaci sau biyu, amma a taswirar yau ya ɗan haura kashi ɗaya cikin biyar ne na ƙasar. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita miliyan 2 da dubu 140, kusan ka haɗa Najeriya da Nijar wuri guda ke nan. Ya tashi daga kogin Misisifi ya dangana da duwatsun Rocky a yamma, kuma jihohi 15 na yau suna cikinsa, wasu gaba ɗayansu, wasu wani yanki nasu.

Batun wayo ne ba zan sakar masa ba. Jefferson ya taka rawa, zan kuma ba shi haƙƙinsa in mun zo wurin. Amma bai taɓa neman sayen Luwiziyana ba. Gari guda da yankin Florida kawai ya aika a taya masa. Waɗanda suka sa Napoleon ya saki ƙasar wasu mutane ne dabam, a wani tsibiri, waɗanda ba su zauna a teburin ciniki ba, ba su kuma ga ko kwabo ba.

Bari mu fara da kogin, domin shi ne tushen maganar. Da aka gama yaƙin neman 'yanci, yarjejeniyar Faris ta 1783 ta ba Amurka ƙasa tun daga gaɓar tekun Atilantika har zuwa Misisifi. Mutanenta kuwa 'yan kaɗan ne: ƙidayar 1790 ta nuna kusan miliyan 4, kusan dubu 700 daga cikinsu bayi. Mafi yawansu suna maƙale a bakin teku, bayansu kuma ga duwatsun Afalashiya sun tokare hanya. Talakawan da ba su da gona sai suka riƙa tsallaka duwatsun suna sauka a Kentucky da Tennessee da kwarin kogin Ohio. Ƙasa mai albarka ce, noma ya karɓe su. Sai dai amfanin gona ba ya zama kuɗi sai ya isa kasuwa, kuma ɗora buhunan alkama a keken doki a haura duwatsu zuwa Philadelphia ya fi kuɗin alkamar kanta tsada.

Ga yadda manomin Kentucky yake yi. Bayan girbi zai sare itatuwa ya harhaɗa wani faffaɗan jirgin katako mai kama da akwati, ba inji, ba filafilai, sai dogon itacen tuƙi a baya. Zai loda masa garin alkama da taba da nama mai gishiri da gangunan barasa, ya jira ruwa ya cika, ya sake shi kogi ya yi ta gangarawa da shi makonni, daga Ohio ya faɗa Misisifi, har birnin New Orleans kusa da inda kogin ke zuba cikin teku. A can zai sayar da kaya. Jirgin ba ya iya komawa sama da ƙarfin ruwa, don haka shi ma sai a wargaza shi a sayar da katakon. Sannan mutumin ya ɗaure kuɗinsa a ƙugu ya kamo hanyar gida da ƙafa ko bisa doki ta cikin daji, ta wata turba da ake kira Natchez Trace, inda 'yan fashi ke kwanton ɓauna. Duk wahalar shekararsa tana rataye a kan abu guda: mai mulkin New Orleans ya yarda ya sauke kaya a sito har jirgin teku ya zo ya ɗauka. In aka rufe masa wannan ƙofa, gari ya ruɓe a hannunsa.

Mai riƙe da ƙofar kuwa Sifaniya ce. Faransawa ne suka raɗa wa yankin suna a 1682 don girmama sarkinsu Louis na 14, su suka kafa New Orleans a 1718, amma sun miƙa wa Sifaniya shi a 1762. A 1784 Sifaniya ta rufe wa Amurkawa kogin, kuma gwamnatin tarayya ta lokacin ba ta da ikon karɓar haraji balle ta tara runduna. Mutanen yamma suka fara tunanin me zai hana su ɓalle su bi duk wanda zai buɗe musu hanya. Wannan ba zance ne na fatar baki ba. Janar James Wilkinson, wanda daga baya ya zama babban kwamandan sojan Amurka, ya shafe shekaru yana karɓar kuɗi a ɓoye daga Sifaniya. Sai a 1795, da yarjejeniyar da Thomas Pinckney ya ƙulla, aka buɗe kogin, aka kuma ba Amurkawa izinin ajiye kaya a New Orleans ba tare da biyan kuɗin fito ba.

Amurka ta iya zama da Sifaniya saboda daular ta riga ta tsufa, haƙoranta sun zube. Faransa ce abin tsoro. Tun 1793 Ingila da Faransa suke gwabza yaƙi, shugaban Amurka George Washington kuma ya shelanta cewa ƙasarsa 'yar ba-ruwanmu ce, duk da ƙawancen 1778 da ya sa Faransa ta taimake su a yaƙin 'yanci. Wannan ya raba gidan biyu. Ɓangaren Alexander Hamilton, wato 'yan Federalist, suna son ciniki da Ingila da gwamnatin tsakiya mai ƙarfi. Ɓangaren Jefferson da James Madison, 'yan Republican na wancan zamani, zuciyarsu tana wajen Faransa, kuma suna son iko ya zauna a jihohi. Da aka sasanta da Ingila a yarjejeniyar Jay ta 1794, Faransa ta fusata ta shiga kama jiragen kasuwancin Amurka. Jakadun da shugaba John Adams ya tura Faris, wakilan ministan harkokin waje Talleyrand suka nemi su ba da cin hanci na dala dubu 250 kafin a saurare su. Daga nan aka shiga faɗa a teku daga 1798 zuwa 1800 ba tare da an shelanta yaƙi ba. An yi sulhu ran 30 ga Satumba 1800. Washegari, 1 ga Oktoba, Napoleon ya ƙulla yarjejeniyar sirri ta San Ildefonso wadda ta sa Sifaniya ta mayar masa da Luwiziyana. Kwana ɗaya tak tsakanin musabaha da Amurkawa da shirin zama a bayan gidansu.

To me Napoleon zai yi da ita? A nan ne tambayarka ta samu amsa, kuma a nan nake so ka tsaya da ni.

Faransa tana da wani yanki a tsibirin Hisfaniyola na tekun Karibiyan, mai suna Saint-Domingue, wanda shi ne Haiti a yau. Ƙarami ne, amma a ƙarshen ƙarni na 18 babu yankin mulkin mallaka a duniya da ya kai shi kawo kuɗi. Sukari da gahawa da ake sha a Turai, kaso mai yawa daga can yake fitowa. Masu noma su bayi ne kusan rabin miliyan, mafi yawansu haifaffun Afirka ne, saboda azabar gandayen rake tana cinye mutane da sauri har haihuwa ba ta cike gurbi, sai dai a yi ta sayo sababbi. Akasarinsu daga yankin Kongo da gaɓar Dahomey da ƙasar Yarabawa aka kwaso su. A takardun ƙidayar bayi na gandayen akwai waɗanda aka rubuta asalinsu da kalmar Aoussa, wato Hausawa. Ba su da yawa, amma suna ciki, kuma duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

A watan Agusta 1791 bayin arewacin yankin suka tashi. Suka cinna wa gonakin rake wuta, suka ɗauki adduna, aka shiga yaƙin da ya ɗauki fiye da shekara goma sha biyu. Suka kara da Faransawa, suka kara da sojan Ingila da suka zo cin ganima suka koma da asara mai yawa a 1798. Toussaint Louverture, wanda aka haifa cikin bauta, ya zama mai mulkin yankin, Faransa kuma ta tilastu ta soke bauta a 1794. Abin da Napoleon ya tsara shi ne ya murƙushe Toussaint, ya mayar da tsibirin injin sukari kamar da, Luwiziyana kuma ta zama rumbunsa: daga can za a riƙa kawo hatsi da nama da katako a ciyar da gandaye, ba sai an dogara da 'yan kasuwar Amurka ba. Tsibirin shi ne kai, Luwiziyana jela ce.

A ƙarshen 1801 ya tura mijin ƙanwarsa, Janar Charles Leclerc, da dubban gogaggun sojoji. Da farko abin ya yi kamar zai yiwu. An yaudari Toussaint a watan Yuni 1802 da sunan tattaunawa, aka kama shi aka kai shi Faransa, aka kulle shi a kurkukun Fort de Joux cikin duwatsu masu ƙanƙara, inda ya rasu ran 7 ga Afrilu 1803. Amma labari ya iso cewa an maido da bauta a tsibirin Guadeloupe. Daga ranar kowa ya san abin da ke jiran sa. Janar-janar baƙaƙe da suka miƙa wuya, irin su Jean-Jacques Dessalines da Henri Christophe, suka koma daji da rundunoninsu, talakawa kuwa dama ba su ajiye makami ba. Cutar shawara, wadda sauro ke yaɗawa, ta shiga sansanonin Faransawa tana kashe su kamar annobar kaji. Leclerc kansa ya mutu da ita a farkon Nuwamba 1802. Wasu marubuta suna son su ɗora komai a kan sauro, ni ban yarda da wannan ba. Cuta ta samu damar yin aikinta ne saboda mayaƙan sun hana Faransawa gama yaƙin kafin damina, sun ƙona garuruwa da amfanin gona, sun ja su cikin duwatsu wata da watanni. Ita kuma rundunar da aka tanada don ta je ta karɓi New Orleans, ƙanƙara ta daskarar da jiragenta a wata tasha ta Holan a hunturun shekarar, ba ta taɓa tashi ba. Da labarin mutuwar Leclerc ya isa Faris a farkon 1803, rumbu ya zama ba shi da gandun da zai ciyar.

Mu koma wajen Jefferson. Ya hau mulki a Maris 1801 bayan zaɓen da sai da majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'a sau 36 kafin ta raba shi da Aaron Burr. Yana hawa ya rage haraji, ya rage soja har bai wuce dubu uku da 'yan kai ba. Sai ga raɗe-raɗin San Ildefonso. A wasiƙar da ya rubuta wa jakadansa a Faris, Robert Livingston, ran 18 ga Afrilu 1802, wannan masoyin Faransa ya ce akwai wuri guda a doron ƙasa wanda duk mai riƙe da shi abokin gabarsu ne, shi ne New Orleans, domin amfanin kashi uku cikin takwas na ƙasarsu ta nan yake bi zuwa kasuwa. Ya ƙara da cewa ranar da Faransa ta karɓi garin, dole Amurka ta ɗaura aure da Ingila da rundunar ruwanta. Ya kuma tabbatar maganar ta kai kunnen Faransawa.

A Oktoba 1802, jami'in Sifaniya mai kula da kuɗi a New Orleans, Juan Ventura Morales, ya soke izinin ajiye kaya. Yamma ta ɗauki zafi. A majalisar dattawa Sanata James Ross ya kawo ƙudurin a tara mayaƙan sa-kai dubu 50 a je a ƙwace garin da ƙarfi. A nan ne nake yaba wa Jefferson. Ya san ƙasarsa ba ta da ƙarfin faɗa da Napoleon, ya san sulhun da Ingila da Faransa suka yi a 1802 na ɗan lokaci ne, don haka ya ƙi a tura shi yaƙi. Ya kwantar da hankalin mutanen yamma ta hanyar tura James Monroe, wanda suke ganin girmansa, ya je ya dafa wa Livingston. Umarninsu shi ne su sayi New Orleans da yankin Florida, su kashe abin da bai wuce dala miliyan 10 ba. Haƙuri ne da iya barazana da sanin lokacin jira. Wannan basira ce, amma basirar mai neman ƙofa ce, ba ta mai neman gida ba.

Ran 11 ga Afrilu 1803, kwana huɗu bayan rasuwar Toussaint, Talleyrand ya kira Livingston. Shi Livingston dattijo ne mai nauyin ji, Faransancinsa kuma ba ya da ƙwari, ya shafe watanni yana rubuta takardu ana yi masa hanya-hanya. Ana cikin maganar New Orleans sai ministan ya tambaye shi: in duka Luwiziyana ce fa, nawa za ku biya? Livingston ya taya faran miliyan 20, aka ce masa albarka. Washegari Monroe ya iso. Ministan kuɗi François Barbé-Marbois ya karɓi cinikin, ya fara da miliyan 100, aka yi ta ja har aka tsaya a miliyan 60 kuɗi hannu, da miliyan 20 na diyyar da Amurkawa ke bin Faransa saboda jiragensu da aka kama, wadda gwamnatin Amurka za ta biya 'yan ƙasarta da kanta. Ba su da izinin yin wannan ciniki. Wasiƙa zuwa birnin Washington da dawowarta sai ta ci wata biyu ko uku, Napoleon kuma ba mai jira ba ne. Suka sa hannu, takardar tana ɗauke da kwanan wata 30 ga Afrilu. Ran 18 ga Mayu Ingila ta shelanta yaƙi a kan Faransa.

Ka ga lissafin Napoleon ke nan. Ya san da zarar yaƙi ya ɓarke, jiragen Ingila za su karɓe New Orleans a ɓagas. Da ya bar wa maƙiyi, gara ya karɓi kuɗin sayen bindiga, ya kuma ƙarfafa ƙasar da wata rana za ta zame wa Ingila ƙarfen ƙafa. Ba a yi masa wayo ba, asara ya rage. Ba ni kaɗai nake faɗin haka ba. A Yulin 1803 jaridar New York Evening Post, wadda Hamilton ya kafa, ta buga sharhin da masana ke jingina masa, inda ya ce abin da ya hana Faransa mamaye Luwiziyana shi ne mugun yanayin Saint-Domingue da jarunta da taurin kan baƙaƙen mazaunanta. Adawa ce ta sa shi faɗa, don ya rage wa Jefferson yabo, amma maganar gaskiya ce.

Kuɗin fa? Amurka ba ta da su a baitulmali. Farashin ya fi duk kuɗin shigar gwamnatin tarayya na shekara guda. Takardun bashi ta buga masu kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, bankin Baring na Landan da na Hope na Amsterdam suka saye su daga hannun Faransa suka ba ta tsabar kuɗi. Wato wani banki na ƙasar Ingila ne ya taimaka aka zuba wa Napoleon kuɗin yaƙar Ingila. Bankunan sun amince da takardar Amurka ne saboda tsarin da Hamilton ya kafa tun 1790, lokacin da ya sa tarayya ta ɗauki nauyin basussukan yaƙi na jihohi ta riƙa biya a kan kari. Jefferson ya daɗe yana sukar wannan tsari, sai ga shi da shi ya yi ciniki mafi girma a mulkinsa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Akwai kuma abin da ya hana shi barci. A 1791, da ake gardamar kafa bankin ƙasa, Jefferson ya kafe cewa duk ikon da kundin tsarin mulki bai ambata a fili ba, gwamnatin tarayya ba ta da shi. Kundin kuwa bai ce komai ba a kan sayen ƙasa da shigar da mutanenta. Da labari ya iso a farkon Yuli, har ya zauna ya tsara gyaran kundi. Sai Livingston ya aiko cewa Napoleon ya fara nadama, duk jinkiri na iya ɓata ciniki. Jefferson ya ninke takardarsa ya ajiye, ya shawarci mutanensa kada a tsawaita magana a kan wannan fanni. Ran 20 ga Oktoba majalisar dattawa ta amince da ƙuri'a 24 a kan 7. 'Yan Federalist na arewa maso gabas su suka ƙi. Ɗaya daga cikin jiga-jigansu, Fisher Ames, ya ce za a ba da kuɗin da ba su ishe su ba don sayen ƙasar da dama ta yi musu yawa. Ainihin tsoronsu shi ne sababbin jihohin noma, masu bayi, za su rinjaye su a majalisa, tunda kundin yana ƙirga kowane bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen raba kujeru. A wannan tsoro ba su yi kuskure ba.

Shi kansa mai sayarwa hannunsa ba tsaf yake ba. Napoleon ya yi wa Sifaniya alkawarin ba zai taɓa miƙa Luwiziyana ga wata ƙasa ba, Sifaniya ta yi ƙorafi, ba wanda ya kula. Lokacin da ya sayar ma bai karɓe ta ba tukuna. Sai ran 30 ga Nuwamba 1803 aka sauke tutar Sifaniya a New Orleans aka ɗaga ta Faransa, bayan kwana 20, ran 20 ga Disamba, aka sauke ta aka ɗaga ta Amurka. Ɗaya daga cikin mutum biyun da suka karɓi garin a madadin Amurka shi ne Wilkinson ɗin nan. A birnin St. Louis na arewa sai a Maris 1804 aka yi bikin, makonni kaɗan bayan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Na faɗi haka ne don ka daidaita zamanin a ranka.

Yanzu tambayar da ba ka yi ba, wadda a wurina ta fi taka nauyi: me aka saya? Turawa da bayinsu a duk faɗin yankin kimanin dubu 60 ne kacal, a tattare a New Orleans da wasu ƙauyukan bakin kogi. Sauran ƙasar tana hannun masu ita, al'ummomin Osage da Pawnee da Lakota da Cheyenne da Mandan da Quapaw da wasu da yawa, masu garuruwansu da gonakinsu da wuraren farautarsu. Ba wanda ya tambaye su. Abin da Faransa ta sayar a zahiri shi ne alkawarin janye hannu, domin Amurka ita kaɗai ta samu damar karɓar ƙasar daga hannunsu, da ciniki ko da bindiga. Jefferson ya san hanyar da zai bi. A wasiƙarsa ta Fabrairu 1803 zuwa ga gwamnan yankin Indiana, William Henry Harrison, ya ce a buɗe shagunan gwamnati a cikinsu, a so a ga manyansu sun ci bashi, domin in bashi ya fi ƙarfinsu za su yarda su yanke ƙasa su biya. Meriwether Lewis da William Clark, waɗanda ya tura daga 1804 zuwa 1806 har suka kai tekun Fasifik, suna tafe suna raba wa sarakunan lambobi masu hoton Jefferson, suna gaya musu sun samu sabon uba. A 1808 Osage suka sa hannu a takardar da ta raba su da mafi yawan ƙasarsu a Missouri da Arkansas. Tunanin kwashe al'ummomin gabas a zuba su a hayin Misisifi, wanda ya zama doka a 1830 ya kai ga mutuwar dubban Cherokee a hanya a 1838, daga wannan ciniki ya samu wurin zubawa.

Bayi kuwa, cinikin ya zame musu babbar musiba. An ƙirƙiro injin gurzar auduga a 1793, masaƙun Ingila suna neman ta ido rufe, ga sabuwar ƙasa mai dausayi ta samu. An haramta shigo da bayi daga Afirka daga 1 ga Janairu 1808, sai fatauci ya koma cikin gida. Tsakanin 1790 da 1860 an kwashe mutum kusan miliyan ɗaya daga irin su Virginia da Maryland zuwa gonakin auduga da rake na kudu maso yamma, ana raba uwa da ɗa, miji da mata, a ɗaure su jere da sarƙa su yi tafiyar makonni. New Orleans ta zama kasuwar bayi mafi girma a ƙasar. A Janairu 1811 bayin gandayen rake na sama da birnin suka tashi su ɗaruruwa ƙarƙashin Charles Deslondes, aka murƙushe su, aka soke kawunansu a kan sanduna a bakin kogi. Da Missouri ta nemi zama jiha mai bauta, rikici ya kusa raba tarayya, sai a 1820 aka ja layi a kan taswira, bauta a kudu, 'yanci a arewa, in ban da Missouri ɗin. Jefferson, wanda ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa, ya rubuta cewa maganar ta firgita shi kamar ƙararrawar gobara cikin dare. Gardamar ko bauta za ta bi sabuwar ƙasa zuwa yamma ita ce ta kai su yaƙin basasa a 1861.

Su kuma waɗanda suka karya Napoleon, kura da shan bugu ne, gardi da karɓar kuɗi. Sun yi nasarar ƙarshe a Vertières ran 18 ga Nuwamba 1803, Dessalines ya shelanta 'yancin Haiti ran 1 ga Janairu 1804. Gwamnatin Jefferson ta ƙi amincewa da su, domin masu bayi na kudu ba sa son bayinsu su ji cewa akwai ƙasar da bayi suka kafa da hannunsu, a 1806 ma majalisa ta hana kasuwanci da su. A 1825 Faransa ta jera jiragen yaƙi a gaban Port-au-Prince ta ce sai Haiti ta biya diyyar gandaye da bayin da iyayengiji suka rasa, faran miliyan 150. Daga baya an rage zuwa miliyan 90, wanda duk da haka ya haura miliyan 80 ɗin da aka sayar da Luwiziyana, kuma sai da suka ci bashi a bankunan Faransa suka fara biya. Amurka ba ta amince da Haiti a matsayin ƙasa ba sai a 1862, zamanin Abraham Lincoln, bayan wakilan jihohin kudu sun fice daga majalisa.